Ragon Da Ba Shi Da Fenti: Tarihin Tiranki A Na'urar Suwic



Yau tarihin waya guda ɗaya za mu bi. Duk ma'aikatar da ta tara kwamfutoci, banki ne ko asibiti ko jami'a, akwai wani ɗan ɗaki ko akwati a jikin bango inda aka ajiye na'urar da duk wayoyin kwamfutocin suke komawa gare ta. Sunanta suwic. Tana da kafofi a jere, 24 ko 48, kowace kafa da 'yar fitilarta tana ƙyaftawa. Galibin kafofin nan kwamfuta ɗaya ko firinta ɗaya suke ɗauka. Amma akwai kafa ɗaya ko biyu da wayarsu take tafiya wajen wata suwic a wani bene ko wani gini, kuma ita ce take ɗauke da saƙon kowa: na ofishin kuɗi, na sauran ma'aikata, na kyamarorin tsaro, na baƙi. Wannan haɗin shi injiniyoyi suke kira tiranki. Idan ya samu matsala, sau da yawa fitilar kafar koriya ce shar, wayar ma lafiya lau, amma rabin gini ya yanke. Sai injiniya ya zauna ya buga umarni yana duba abu biyar ko shida, kuma kusan kowane ɗayansu ragowar wata gardama ce ko wani sulhu da aka yi shekaru 25 ko 30 da suka wuce. Wanda ya san inda aka yi sulhun ya san inda zai fara leƙawa.

Kalmar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A Turanci asalinta gangar itace ce, inda rassa suke fitowa, daga nan aka ara wa babbar hanyar jirgin ƙasa da babban titi. Mu ma a Najeriya mun gaje ta: manyan titunan Gwamnatin Tarayya su ne ake kira Trunk A, kuma hanyar Kaduna zuwa Kano tana cikin wadda aka sa wa lamba A2. Daga hanya kalmar ta shiga harkar tarho. A watan Janairu na 1878 aka buɗe cibiyar haɗa kira ta kasuwanci ta farko a garin New Haven na Amurka, da masu layi 21 kacal. Da cibiyoyi suka yawaita, sai ya zama ba zai yiwu a ja wa kowane mai tarho wayarsa zuwa kowane gari ba. Aka ja 'yan layuka kaɗan tsakanin cibiya da cibiya, kowa ya hau idan ya samu fili. Su ne tirankin farko na sadarwa. Tambayar layi nawa za su isa ita ce ta sa wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Krarup Erlang, wanda yake aiki da kamfanin tarho na Kofanhegen, ya fitar da lissafinsa a 1917, har yau ana auna cunkoson layi da sunansa. A Ingila kiran gari zuwa gari kansa "kiran tiranki" ake ce masa, kuma sai ranar 5 ga Disamba, 1958, Sarauniya Elizabeth ta buga kira daga Biristol zuwa Edimbura ba tare da ma'aikacin haɗa kira ya shiga tsakani ba. A 1962 kamfanin Bell ya fara aiki da layin T1, mai ɗaukar kira 24 lokaci guda, kowane kira da nasa ɗan ƙanƙanin lokaci a jere. Abin da za mu riƙe a nan shi ne: waya ɗaya, masu kaya da yawa, kuma dole ɓangarorin biyu su yarda da hanya ɗaya ta gane kayan kowa.

Kwamfuta ta biyo wata hanya dabam kafin ta iso wannan matsala. Ranar 22 ga Mayu, 1973, Robert Metcalfe, matashin injiniya a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya, ya rubuta takardar da ta fara ambaton sunan Ethernet. Shi da David Boggs suka gina tsarin: kebul ɗaya dogo, kowace kwamfuta ta jingina da shi, mai son magana ta saurara tukuna, idan biyu suka yi karo kowa ta ɗan dakata ta sake gwadawa. A 1980 kamfanonin DEC da Intel da Xerox suka fitar da ƙa'idarsa mai gudun megabit 10 a daƙiƙa, ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta amince da tata a 1983 da lamba 802.3. A wannan tsari ana yanka saƙo gunduwa-gunduwa, kowane yanki a naɗe shi da adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Mu kira shi ƙunshi. Mafi girman ƙunshi bayit 1518 ne. Mu riƙe wannan lamba, za ta dawo.

Ethernet yana da wata ɗabi'a irin ta ƙauye. Idan kwamfuta ba ta san adireshin wadda take nema ba, sai ta yi shela, kowa ya ji. Kwamfuta talatin suna iya zama da wannan. Idan sun kai dubu, shela ta cinye layi, sannan ga maganar sirri: na'urar ɗalibi tana jin shelar ofishin albashi. Aka fara raba kebul gida-gida da wata na'ura da ake kira gada, wadda take koyon wane adireshi yake wane ɓangare. Sai dai idan aka ja hanya biyu tsakanin gadoji don gudun kada ɗaya ta yanke, ƙunshin shela yakan shiga zagaye, kuma ƙunshin Ethernet ba shi da wa'adin mutuwa, haka zai yi ta kewayawa yana hayayyafa har layi ya toshe. Radia Perlman ta kamfanin DEC ce ta warware wannan a 1985. Gadojin su zaɓi ɗaya a matsayin tushe, kowa ta nemi hanya mafi kusa zuwa gare ta, sauran hanyoyin a rufe su a ajiye sai ranar buƙata. Siffar da take fitowa ta bishiya ce, rassa ba sa komawa su haɗu, shi ya sa za mu kira shi tsarin bishiya. IEEE ta mai da shi ƙa'ida a 1990 da lamba 802.1D. A shekarar ne kuma wani ƙaramin kamfani mai suna Kalpana ya fitar da gada mai kafofi da yawa, wato suwic. Kamfanin Cisco ya sayi Crescendo a 1993, ya sayi Kalpana a 1994, daga nan suwic ɗinsa masu suna Catalyst suka cika ofisoshin duniya.

Suwic ta rage karo, amma ba ta hana shela wucewa. Maganin ya fito ne daga W. David Sincoskie, wanda ya shiga cibiyar Bellcore a 1984 yana neman yadda za a faɗaɗa Ethernet ya ɗauki jama'a masu yawa. Dabararsa ita ce a sa wa kowane ƙunshi alama, kamar launi: ja, kore, shuɗi. Sai a ce wa suwic wannan kafa ta ja ce, waccan ta kore ce, shelar ja ba ta fita sai ta kafofin ja. Na'ura ɗaya ta zama kamar na'urori uku da ba su san juna ba. Wannan shi ne VLAN. Mu a nan unguwa za mu ce, domin gari ɗaya ne amma kowace unguwa da mai shelarta.

Bari mu ɗan ratse, tunda zauren marubuta ne. Mun zaɓi ƙunshi da shela da unguwa ne saboda kowace ta riga ta zo da rabin bayaninta a kunnen Bahaushe. Suwic da tiranki kuwa mun bar su da sautinsu, domin yaron da zai karanta wannan gobe ya tsaya gaban na'urar, da waɗannan sunaye zai ji ogansa yana magana. Ƙirƙirar kalma tana da amfani inda take buɗe ma'ana, inda kuma za ta raba mai karatu da masu sana'ar gara aro.

To, unguwanni sun samu a cikin suwic ɗaya. Idan ofishin kuɗi yana da mutane a bene na ɗaya da na uku fa? Ko dai a ja waya dabam ga kowace unguwa tsakanin benayen, unguwa ashirin waya ashirin, ko a ja ɗaya ta ɗauki kowa. Matsalar masu tarho ce ta dawo. Duk wanda ya taɓa shiga kara gab da Babbar Sallah ya ga maganinta da idonsa: tirela ɗaya, ragunan fatake biyar, kowa ya shafa wa nasa fenti a gadon baya. A hanya a cakuɗe suke, idan an isa sai a duba fenti a ware. Haka tiranki yake aiki. Suwic mai aikawa ta shafa wa ƙunshi lambar unguwarsa, mai karɓa ta karanta, ta goge, ta miƙa shi ga kafofin wannan unguwa. Kwamfutar da ke kan tebur ba ta ma san an yi ba.

Gardamar ita ce yadda za a shafa fentin. A tsakiyar shekarun 1990 kowane kamfani da tasa hanyar, wanda ya sayi na'urorin kamfani biyu ya shiga uku. Ta Cisco sunanta ISL: a ɗauki ƙunshin dungurungum a zura shi cikin sabon buhu, bayit 26 a gaba, bayit 4 a baya. A 1998 IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.1Q, wadda ta fi tattali. Maimakon sabon buhu, sai a tsaga ƙunshin bayan adireshin mai aikawa a cusa bayit 4 kawai. Biyun farko lamba ce tsayayya, 8100 a ƙidayar sha shida, mai sanar da cewa akwai fenti. A sauran biyun, bit 3 na fifiko ne, don murya ta riga fayil wucewa, bit 1 na wani aiki dabam, bit 12 kuma su ne lambar unguwa. Bit 12 suna ba da lamba 4096, an keɓe 0 da 4095, saura 4094. Ƙunshi kuma ya tashi daga 1518 zuwa 1522, har sai da aka yi wa ƙa'idar Ethernet kanta gyara a shekarar don ta karɓi wannan ƙari. Tsofaffin na'urorin da ba su ji labari ba sukan ɗauki irin wannan ƙunshi a matsayin wanda ya wuce kima su yar da shi, sai a ga ƙananan saƙonni suna wucewa, manyan fayiloli suna maƙalewa. Yau da wuya a gamu da wannan.

Yanzu mu tsaya bayan injiniyan mu ga abin da yake dubawa. Bayan ya tabbatar wayar tana ciki kuma kafar a kunne take, idan suwic ɗin ta Cisco ce umarnin da zai fara bugawa shi ne show interfaces trunk. Amsar tana fitowa kashi huɗu. Kuma sai ya buga shi a suwic ɗin duka biyu, domin tiranki yarjejeniya ce, kowane ɓangare yana iya zama daidai shi kaɗai alhali sun saɓa wa juna.

Abu na farko: shin kafar ma ta fito a jerin? Idan ba ta fito ba, tirankin bai ƙullu ba, kuma galibi laifin wata dabara ce da Cisco ya ƙirƙiro don sauƙaƙa wa mutane, mai suna DTP. Manufarta suwic biyu su daidaita da kansu. Kafa tana iya zama mai nema, wato tana tambayar maƙwabciyarta ko za su ƙulla tiranki, ko ta zama mai jira, wadda za ta amsa idan an tambaye ta amma ba za ta fara ba. Mai nema da mai nema sun ƙulla, mai nema da mai jira sun ƙulla. Mai jira da mai jira kuwa kamar baƙi biyu ne a zaure, kowa yana jiran ɗan uwansa ya fara sallama. Tsofaffin Catalyst 2950 da 3550 daga masana'anta masu nema ne, waɗanda suka gaje su, 2960 da 3560, masu jira ne. Ke nan ma'aikata za ta iya cire tsofaffi ta sa sababbi, waya ɗaya, kafa ɗaya, tiranki ya ƙi tashi. Abin da yake ƙara ruɗa mutum shi ne kafar ba ta mutuwa, takan koma kafar talaka a unguwa ta 1, don haka wasu kwamfutoci suna aiki wasu ba sa yi. Umarnin show interfaces da sunan kafar da kalmar switchport yana nuna abu biyu a jere, abin da aka umarci kafar ta zama da abin da ta zama a zahiri, kuma a tsakaninsu ake kama ta. Akwai wata illar kuma: kwamfutar ɓarawo da ta iya yaren DTP tana iya cewa ita suwic ce, a buɗe mata duk unguwanni. Shi ya sa masu sana'ar suka dawo daga rakiyar wannan sauƙi. Yau ana rubuta switchport mode trunk da hannu a ɓangarorin biyu, a ƙara switchport nonegotiate, kafofin ma'aikata kuma a ɗaure su da switchport mode access.

A layin nan dai akwai gurbin irin fentin. ISL ya sha kaye, Cisco da kansa ya daina sa shi a sababbin na'urori, amma ya bar tabo. A kan 3560 da 3750, masu jin yare biyu, idan aka buga switchport mode trunk kai tsaye na'urar takan ƙi karɓa sai an fara gaya mata switchport trunk encapsulation dot1q. A kan 2960 kuwa wannan umarni babu shi sam, domin yare ɗaya ta sani. Ɗalibai da yawa sun ɓata dare a kan wannan bambanci.

Gurbi na ƙarshe a layin farko shi ne ya fi kowanne tarihi. Lokacin da ake rubuta 802.1Q, duniya cike take da na'urorin da ba su san fenti ba, kuma ba wanda zai zubar da su rana ɗaya. Sai aka yi sulhu: a kowane tiranki an yarda unguwa ɗaya ta wuce ba fenti. Duk ƙunshin da ya iso fari fat, na wannan unguwa ne. Cisco yana kiranta native, mu ce unguwar gida, kuma idan ba a canza ba ita ce ta 1. ISL ba shi da irin wannan rangwame, kowa sai ya shiga buhu. A tirelarmu, kamar a ce an yi magana a wajen lodi cewa duk ragon da ba shi da fenti na Alhaji Wane ne. Lafiya lau muddin mai saukewa ya ji wannan magana. Idan shi kuma abin da ya sani shi ne mara fenti na wani bafataken ne dabam, to raguna za su tafi gidan da ba nasu ba, kuma ba wanda ya yi sata. Haka yake faruwa idan suwic ta bene na ɗaya ta ɗauki unguwa ta 1 a matsayin ta gida, ta bene na uku kuma ta ɗauki ta 99. Abin da ya fito daga 1 ya sauka a 99, abin da ya fito daga 99 ya sauka a 1. Unguwa biyu da aka raba da gangan sun haɗe ta bayan gida, kwamfuta ta karɓi adireshin da ba na unguwarta ba, sauran unguwanni masu fenti kuma suna tafiya sumul, abin da yake sa a daɗe ana neman laifi a wani wuri. Tsakanin na'urorin Cisco biyu akwai CDP, wanda da shi suke gabatar da kansu ga juna duk daƙiƙa 60, shi yakan rubuta gargaɗi a kundin na'urar, tsarin bishiyar Cisco kuma yakan toshe unguwannin biyu a kan kafar. Idan ɗaya ta wani kamfani ce, ana iya rasa mai yin gargaɗin.

Wannan sulhu ya kuma buɗe ƙofar wata dabarar kutse. Wanda yake zaune a unguwar gida yana iya shafa wa ƙunshinsa fenti biyu, na waje na unguwar gida, na ciki na unguwar da yake hari. Suwic ta farko ta goge na waje tunda unguwar gida ba ta tafiya da fenti, ta biyu ta ga na ciki ta kai shi inda ba a ba shi izini ba. Amsa ba ta dawowa ta wannan hanya, amma aikawa kaɗai ta isa ɓarna. Shi ya sa ake ba da shawarar a mai da unguwar gida wata lamba da ba kowa a cikinta, ko a umarci na'urar ta shafa wa ita ma fenti. A ganinmu rangwamen 1998 ya yi daidai a zamaninsa, domin da an ce kowa sai ya sayi sabuwar na'ura da ƙa'idar ba ta karɓu ba. Kuɗinsa ne ake ta biya har yau.

Kashi na biyu na amsar yana nuna unguwannin da aka yarda su hau tirankin. Daga masana'anta duka ne, 1 zuwa 4094, masu kula kuma sukan rage. A nan akwai tarkon da ya shahara a sana'ar. Tiranki yana ɗauke da 10 da 20, ana son ƙara 30 ta kyamarori. Wanda ya buga switchport trunk allowed vlan 30 bai ƙara komai ba, ya share 10 da 20 ne ya bar 30 ita kaɗai. Kalma ɗaya ya tsallake, add. Idan kuma ta cikin ɗaya daga unguwannin da ya share yake shiga na'urar daga nesa, ya sare reshen da yake zaune a kai, sai dai ya ɗauki kebul ya nufi inda take.

Kashi na uku yana nuna waɗanda aka yarda da su kuma suwic ɗin ta san da zamansu. Unguwar da ba a ƙirƙira a cikin suwic ba, ko an rubuta ta a jerin izini ba za ta wuce ba, ko da suwic ɗin tsakiyar hanya ce kawai. Don rage wahalar rubuta unguwanni a na'ura ɗari, Cisco ya fito da VTP: a rubuta a ɗaya, sauran su kwafa ta tiranki. Yadda suke gane sabon jeri shi ne lambar gyara, duk canji ta ƙaru da ɗaya, kuma mai babbar lamba ita ce mai gaskiya. Ba a tambayar wace ce ta girma ko wace ce a tsakiya. Sai a ɗauko tsohuwar suwic daga ɗakin gwaji, wadda aka yi ta wasa da ita har lambarta ta kai ɗari biyu, sunan yankinta ɗaya da na ma'aikata, a jona ta. Cikin daƙiƙoƙi duk sauran su zubar da jerinsu su ɗauki nata, unguwannin da ba ta sani ba su ɓace a gini gaba ɗaya. Injiniyoyi har suna suka sa wa abin, bam ɗin VTP. Siga ta uku ta VTP ta gyara wannan ta hanyar naɗa na'ura ɗaya tak mai ikon canji, amma kafin ta zo wurare da yawa sun riga sun kashe shi.

Kashi na huɗu ya mai da mu ga Radia Perlman: unguwannin da tsarin bishiya ya bari su wuce ta wannan kafa. Idan unguwa tana cikin kashi na uku amma babu ita a na huɗu, ba lallai matsala ba ce, wataƙila wata hanyar take bi, wannan an ajiye ta. A tsohon tsarin, kafar da aka ajiye takan ɗauki daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ta buɗe, sai a 2001 ƙa'idar 802.1w ta rage wannan jira. Lokutan da aka tsara wa tsohon tsarin kuma an lissafa su ne a kan cewa faɗin bishiyar ba zai wuce tsalle bakwai daga gada zuwa gada ba. Abin da ya biyo bayan mance wannan iyaka ya faru a asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston. Asibitoci biyu ne suka haɗe a 1996, aka yi ta jona suwic a kan suwic shekara da shekaru. Ranar 13 ga Nuwamba, 2002, bayanai masu yawa daga kwamfutar wani mai bincike suka cika layi, tsarin bishiya ya rikice, ƙunshi ya shiga zagaye. Da injiniyoyin Cisco suka zo suka bi wayoyin, suka tarar wasu sassa sun kai tsalle goma. Kusan kwana huɗu asibitin yana fama, likitoci suka koma takarda da biro, ana aiken mutane da sakamakon gwaji a hannu. Shugaban sashen kwamfuta na asibitin, Dakta John Halamka, bai ɓoye ba, ya fito ya ba da labarin dalla-dalla don wasu asibitoci su duba nasu. Daga baya aka sake ginin tsarin, aka yanka shi ƙanana da na'urar rauta a tsakani, yadda rikicin sashe ɗaya ba zai bi tiranki ya mamaye sauran ba.

Saura wani ruɗani da ba na na'ura ba ne, na harshe ne. A suwic ɗin HP masu suna ProCurve, kalmar trunk ba waya mai ɗaukar unguwanni take nufi ba, tana nufin wayoyi biyu ko huɗu da aka ɗaure su zama ɗaya don ƙarin faɗi, abin da Cisco yake kira EtherChannel, gadonsa daga Kalpana, wanda IEEE ta yi wa ƙa'ida a 2000 da lamba 802.3ad. Su a can ba a cewa a ƙulla tiranki, sai dai a ce wannan unguwa ta bi kafar da fenti, waccan ba fenti. Injiniya biyu suna iya yin rabin awa a waya kowa yana rantsuwa ya kafa tiranki, kuma duka gaskiya suke faɗa.

Bit 12 ɗin nan ma sun zo sun yi kaɗan. Kamfanonin sadarwa masu ɗaukar kayan ma'aikatu da yawa suka buƙaci fenti a kan fenti, aka halatta musu a 2005 da ƙa'idar 802.1ad. Manyan rumbunan kwamfuta kuma suka koma VXLAN, wanda aka wallafa bayaninsa a 2014, mai bit 24, wato unguwa sama da miliyan 16. Duk da haka, a ofishin da ke kusa da mu 802.1Q ne yake aiki, da unguwarsa ta gida. Wanda ya samu suwic ɗin Catalyst ya buga show vlan brief, a ƙasan jerin zai ga lamba 1002 zuwa 1005, an keɓe su ga FDDI da Token Ring, tsare-tsare biyu da suka yi takara da Ethernet suka faɗi tun shekarun 1990. Ba kafa ko ɗaya a cikinsu, kuma na'urar ba ta yarda a goge su.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.